Gajeren Kirif Matil a Tukunya: Inda Aka Kwana Bayan Damina

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon renon furanni. Ga inda aka kwana game da gajeren kirif matil da nake reno a tsakar gida, wanda masana tsirrai ke kira Lagerstroemia indica. Asalinsa daga ƙasar Sin ne da maƙwabtanta, amma wanda ya san lalle zai ga kama a ganyensa, kuma ba banza ba, dangi ɗaya suke da lalle da rumman. Wannan ya ba ni ƙarfin gwiwar gwada shi, don dangin nan ba sa tsoron rana.

Haka kuwa aka yi. Tukunyar da ke shan rana tun hantsi har la'asar ta cika da fure a tsakiyar damina, curi-curi a bakin kowane reshe. Wadda ke gindin darbejiya ganye kawai ta tara, kuma ita ce farar funfuna ta hau wa toho. In wurinku ba ya samun rana ta aƙalla awa 6, gara ku nemi wata shukar.

Abin da na fi so mu riƙe shi ne, wannan shuka a kan sabon toho kaɗai take fure. Da na gane haka sai sauran aikin ya warware mini. Idan curin fure ya bushe, ina yanke shi ɗan ƙasa da inda ya ƙare, kafin ya ɗaura 'ya'ya. Reshen sai ya sake toho, sabon fure ya biyo baya. Babban aski kuwa sai ƙarshen hunturu, lokacin da take barci. A nan ne masu koyo da yawa ke karaya: sanyi na shigowa ganye ya yi ja ya zube, tukunya ta koma tsinke zalla, mutum ya ɗauka ta mutu ya tuge ta. Ku ɗan kankare bawon reshe da farce. In kun ga kore a ciki, tana nan da ranta. A rage mata ruwa, a dakatar da taki, a cire rassan da suka sarƙe da waɗanda suka bushe. Ban yarda da datse kanta gaba ɗaya ba, don tohon da ke fitowa daga kututture siriri ne, ba ya iya ɗaukar nauyin fure.

Tukunyar ƙasa na zaɓa, mai huji a gindi, saboda baƙar roba na dafa saiwa da bazara. Na haɗa ƙasar lambu da yashi da ruɓaɓɓen takin shanu. Darɓa ta taɓa sauka a ƙasan ganye, ruwan sabulu da yamma ya kore ta.

Sai a kula wajen saye. Irin da aka saba gani a bakin titi yana iya kai mita 6, tukunya ba za ta riƙe shi ba. Gajerun na gaskiya ƙirƙiro su aka yi, kamar Chickasaw da Pocomoke da gandun binciken itatuwa na gwamnatin Amurka a Washington ya fitar a 1997 da 1998. Suna da jinin wani iri na Japan mai jure funfuna, kuma da wuya su wuce mita ɗaya. Ku ce mai sayarwa ya nuna muku uwar da ya yanko dashen a jikinta, domin wanda aka shuka daga ƙwaya ba lallai ya gaji gajartar uwarsa ba.

Ni ma da reshe zan ƙara nawa. Da zarar ruwan farko ya sauka, zan yanko toho mai tsawon yatsa wanda ya fara ƙwari, in cire ganyen ƙasa, in soka a jiƙaƙƙen yashi cikin inuwa har ya yi saiwa.