Fangalin da na fara shukawa shi ya zo a baya

Dankalin turawa amfanin sanyi ne, kuma sanyin Damagaram gajere ne. Daga lokacin da damina ta ɗauke a ƙarshen Satumba zuwa lokacin da bazara ta fara huci a watan Maris, watannin da dare ke yin sanyi na gaske ba su wuce Disamba da Janairu da ɗan abin da ke gefensu ba. Wannan ƙuncin lokaci ne ya sa bara na ƙudura cewa zan riga kowa a unguwarmu shuka, domin iyalina su ci sabon dankali mai laushin ɓawo tun farkon Janairu, kafin na lambuna ya cika kasuwa. Na gyara fangali 2 a ƴar garkar da ke bayan gida, na zuba ruɓaɓɓen takin awaki, na fita neman iri a ƙarshen Oktoba.

Irin da ake shigowa da shi daga Turai bai iso ba a lokacin, saboda haka na nufi wurin masu sayar da na ci. Wani ɗan kasuwa ya zube mini buhu, dankali mai kyan gani, sumul, babu tabo. Na tambaye shi ko zai yi iri, sai ya ce: "Alhaji, wannan ko gobe ka sa shi a ƙasa sai ya fito, na rantse maka." Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne ya san ranar da kayansa suka bar gona, ya kuma ji da kunnensa cewa shukawa zan yi, amma bai ga dalilin gaya mini ba. Da na murza ɗaya da babban yatsa ɓawon ya saluɓe, shi kuwa ya nuna mini hakan a matsayin shaidar cewa kayan sabo ne. Sabo ne kam, kuma sabuntar ce ta cuce ni.

Na shuka fangalin farko a makon ƙarshe na Oktoba. Manyan na raba su biyu domin irin ya isa, ƙananan na sa su ɗungum. Daga nan sai ban ruwa safe da yamma, a garin da kowa ya san darajar ruwa, inda famfo kan yi kwanaki bai zo ba sai dai a sayi na ƴan garuwa. Mako ya bi mako, ƙasa shiru. Da na gaji da jira na sa yatsa na tono ramuka kaɗan. Waɗanda na sa ɗungum suna nan yadda na ajiye su, idanunsu a rufe, ko alamar tsiro babu. Waɗanda na yanka kuwa sun narke sun zama ruwa mai ɗoyi, wanda sai da na wanke hannu da toka kafin warin ya bar ni. Zafin kaka ba wasa ba ne, domin a Oktoba rana kan kai digiri 37 ko fiye, kuma yankakken dankali a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zafi ba ya jimawa kafin ƙwayoyin cuta su shige shi ta wurin yankan.

Wani dattijo ɗan Mirya, garin da ke kusa da Damagaram, wanda ya tsufa a aikin lambu kuma yakan kawo wa maƙwabcinmu kayan miya, shi ya warware mini lamarin. Na kai masa ɗaya daga cikin waɗanda na tono, ya juya shi a hannu, ya ce: "Ɗana, wannan ai barci yake yi. Ko kogi ka juye masa ba zai tashi ba sai lokacinsa ya yi." Na ce: "Baba, to har yaushe?" Ya ce in lissafa wata 2 zuwa 3 daga ranar da aka tono shi daga gona. Haka halittar dankalin turawa take: bayan girbi yakan yi wani ɗan lokaci ba ya tsira ko da ya samu ruwa da taki, tsawon lokacin kuma ya danganta da nau'insa da yadda aka adana shi. Ni kuwa na kwashe makonni ina sayen ruwa ina shayar da abin da ba shi da niyyar motsawa.

Dattijon ne ya samo mini ɗan iri na kirki daga wanda aka shigo da shi, nau'in da ke nuna da wuri, kowane ɗaya bai wuce girman ƙwan kaza ba, don haka babu buƙatar yanka. Ya hana ni shukawa a ranar. Ya ce in baza shi ɗai-ɗai a kan tabarma a cikin zaure, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansa, har sai idanun sun buɗe sun fitar da tsiro gajere mai kauri, mai ɗan duhun launi. Wanda aka bari cikin buhu a ɗaki mai duhu, in ji shi, dogon farin tsiro yake yi mara ƙarfi, wanda ke karyewa tun kafin a kai shi rami. Game da ranar shuka bai ambaci kwanan wata ba. Cewa ya yi in lura da ruwan butar da ya kwana a tsakar gida: ranar da na zo alwalar asuba na ji ruwan ya fara cizon hannu, to ƙasa ta huce. Bara hakan ya faɗo wajen tsakiyar Nuwamba, a lokacin kuwa tsiron ya kai kusan santimita 1, sai na shuka fangali na biyu.

Cikin mako 2 fangalin nan ya fito gaba ɗaya, layi-layi, kusan babu ramin da ya yi fashi. Na farko, wanda ya riga shi shiga ƙasa da kusan mako 3, yana gefe babu ko ganye. Sai can cikin Disamba ya fara leƙowa ɗaya nan ɗaya can, wasu ma sai gab da ƙarshen wata, ga giɓin waɗanda suka ruɓe. Kullum na fito da safe na ga fangalan nan biyu kafaɗa da kafaɗa sai maganar ɗan kasuwar nan ta dawo mini, wai ko gobe na sa sai ya fito.

Illar jinkirin ba a ganye take bayyana ba, a ƙarƙashin ƙasa take. Dankalin turawa ya fi zuba ƴaƴa idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 da 20, yana raguwa yayin da dare ya ɗumama, idan kuma ƙasa ta doshi digiri 30 kusan yakan daina. Nau'in da ke nuna da wuri yana bukatar kwana 80 zuwa 90, masu jinkiri kuma har kwana 110 ko 120. Saboda haka lissafin da ya dace da mu shi ne a fara daga lokacin da zafi ke dawowa a ƙirgo baya. Wanda ya shuka tsirarren iri a tsakiyar Nuwamba, ƴaƴansa za su ƙullu su yi girma a tsakiyar hunturu, ya tone a tsakiyar Fabrairu. Wanda dankalinsa bai fito ba sai ƙarshen Disamba, lokacin girman ƴaƴan zai faɗa cikin ƙarshen Fabrairu da Maris, sa'ad da sanyi ya riga ya yi sallama. Abin da ya sami fangalina na farko ke nan. Ganye ya yi kore shar, har baƙi suna yabawa, amma da na tona sai ƙanana marasa auki, waɗanda uwargida ta duba ta ce wahalar ferewa ta fi abin da za a samu.

A nan ne nake ganin bai kamata mutum ya ari kalandar wani wuri ba. Abin da ake karantawa a intanet, cewa a shuka a Maris ko Afrilu bayan ƙanƙara ta wuce, zancen Faransa da Ingila ne, inda sanyi ne abin tsoro. Mu zafi ne ke korarmu ta gaba da ta baya. Manoman Jos suna shuka shi da damina saboda tudunsu yana da sanyi, na duwatsun Ayar a jihar Agadas su ma tsayin wurinsu ya ba su damar da ba mu da ita. Dankalin da ya zo kasuwarmu a Oktoba daga irin waɗannan wurare sau da yawa sabon tono ne, wato daidai wanda bai kamata a sa a ƙasa nan take ba.

Sauran aikin bai ba ni wahala ba. Na bar santimita 30 tsakanin rami da rami, kusan 60 tsakanin layuka, zurfi kamar santimita 10, na tara ƙasa a gindi da shukar ta tasa domin kada rana ta taɓa ƴaƴan su yi kore, tunda koren dankali yana da ɗaci da guba. Tun ƙarshen Janairu na fara cusa hannu a gefen kunya ina zaro manya-manya ba tare da na tumɓuke shukar ba, muna dafawa da ɓawonsu. Sauran na yanke musu ruwa kamar kwana 10 da ganye ya fara rawaya, sannan na tone. Irin wannan na farko-farko ba na ajiya ba ne, musamman da zafi ke tafe, don haka abin da ya fi ƙarfin tukunyarmu maƙwabta aka raba wa.

Bana tun farkon Oktoba na fara bibiyar masu kawo iri, domin shi ma na Turai yakan makara, wanda kuma ya karɓe shi a makare sai ya ƙara kwanakin tsirarwa a kai. Na tsayar wa kaina iyaka: daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, da iri mai tsiro a hannu. Idan lokacin ya wuce iri bai samu ba, salad da kabeji zan shuka a fangalin, ba zan sake zuba kuɗin garuwa a kan dankalin da tsananin zafi zai tarar a ƙasa ba. Ɗan kasuwar nan kuwa yana nan a wurinsa, kwanan baya ma na ji yana yi wa wani saurayi irin rantsuwar da ya yi mini. Na tsaya na ce wa saurayin ya tambaye shi watan da aka tono kayan, ya kuma murza ɓawon ya duba idanun kafin ya biya, mai kayan yana ta harara ta.