Gwaninta ta zama abin tuhuma

A watan Mayun 1997 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta kayar da Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan ces, a birnin New York. Wannan kowa ya sani. Abin da aka fi mantawa shi ne ƙorafin da Kasparov ya yi bayan wasa na biyu. Ya yi zargin cewa akwai hannun mutum a wani taku da na'urar ta yi, don a ganinsa hikimar takun ta fi ƙarfin ƙarfe da waya. Yau zargin ya juya baya. Da zarar mutum ya yi wasa mai ban sha'awa, sai ka ji ana cewa "ai wannan kwamfuta ce".

Ni ma ina taɓa wasan a waya da daddare, kuma ba wani gwani ba ne ni. Amma ko a ƙaramin matakinmu cutar ta shigo. Akwai abokin karawar da za ka ga duk taku sai ya ɗan dakata daidai wa daida, ko da kuwa sarauniyarka ce ka ajiye masa a baki, wadda ko ɗan koyo zai cafke nan take. Mutum yakan yi sauri a wuri mai sauƙi, ya daɗe a wuri mai wuya. Wanda yake duba wata wayar kuwa duk ɗaya ne a wurinsa, kwafa kawai yake yi. Abin da ya fi damuna ma ba shi ba ne. Yanzu ko wanda ya ci ni da guminsa sai zuciyata ta raya mini wani abu game da shi.

Tazarar da ke tsakanin mutum da na'ura ce ta yi yawa. A ma'aunin ƙarfin 'yan ces, makin Magnus Carlsen, tsohon zakaran duniya, mafi girma shi ne 2882, a 2014, kuma babu ɗan Adam da ya taɓa wuce nan. Manhajar ces ta Stockfish, wadda kowa zai iya saukewa kyauta, ana ƙiyasta ta sama da 3500. Ke nan mai ha'inci ba ya bukatar a faɗa masa wasan gaba ɗaya, taku biyu ko uku a inda abu ya rikice sun ishe shi. Shi ya sa banɗaki ya zama wurin sa ido a gasa. A 2015 an kama Gaioz Nigalidze ɗan Jojiya da waya a ɓoye a banɗaki a gasar Dubai. A 2019 hoton Igors Rausis ya fito yana zaune a banɗaki da waya a hannu a Strasbourg, hukumar ces ta duniya, FIDE, ta dakatar da shi shekara shida.

Waɗannan an kama su dumu-dumu. Na Hans Niemann ne mai sarƙaƙiya. A Satumban 2022 ya doke Carlsen a gasar Sinquefield a St. Louis, washegari Carlsen ya fice daga gasar. Niemann ya amsa cewa ya taɓa maguɗi a intanet yana ɗan shekara 12 da kuma 16, shafin Chess.com kuma ya ce mai yiwuwa wasannin sun haura 100. Amma a wancan wasa na gaba da gaba babu wanda ya kawo hujja. Niemann ya kai ƙara kotu yana neman dala miliyan 100, aka sasanta a 2023, har yau kowa na riƙe da abin da ya ga dama.

Ba a ces kaɗai ba. A 2016 manhajar AlphaGo ta ci gwanin ɗan wasa Lee Sedol 4 da 1 a wasan Go, wani wasan allo mai kama da dara, a Seoul, bayan shekara uku ya ajiye wasan. Sai dai ni ban ɗauki kowace nasarar na'ura a matsayin asara ba. Da manhajar AlphaFold ta iya hasashen siffar sinadaran furotin, aikin da kan ci wa masu bincike shekaru, har ya kai Demis Hassabis da John Jumper ga kyautar Nobel a 2024, babu mai lafiyar hankali da ya yi kuka. Mai neman magani amsa yake so, bai damu da wanda ya samo ta ba. Inda abin ke ciwo shi ne wurin da mutumin ake aunawa: gasa, jarrabawa, rubutun ɗalibi. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ɗalibin da ya kwana yana gyara jimlolinsa har suka yi sumul shi ne malami zai fara ɗaga wa gira.

'Yan ces ma da sauƙi. Suna da na'urar laluben jiki a ƙofa, suna jinkirta nuna wasa kai tsaye da minti 15, suna da irin su Farfesa Kenneth Regan da ke auna takun ɗan wasa da na kwamfuta ta hanyar lissafi. Malamin makaranta fa? Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da manhajar gano rubutun na'ura a farkon 2023, a watan Yuli ya rufe ta saboda yawan kuskurenta.