Mako na shida da baitin Sládkovič: inda na kai

'Yan'uwa masu koyon rubuta waƙa, barkanmu da wannan lokaci. Na yi alkawarin baiti ashirin kafin ƙarshen wata, zuwa daren jiya bakwai na kammala. Biyu daga ciki ne kawai zan iya karantawa a gaban mutane.

Ga waɗanda suka shigo daga baya, tsarin da nake gwadawa na Andrej Sládkovič ne, mawaƙin Sulobakiya, ana furta sunan kamar Siladkobic. Sunansa na asali Andrej Braxatoris, an haife shi a garin Krupina a 1820. Baitinsa ɗango goma ne. Na ɗaya da na uku amsa-amonsu guda, na biyu da na huɗu guda, na biyar da na shida su tafi tare, na takwas da na tara su tafi tare, na bakwai kuwa a bar shi shi kaɗai har sai na goma ya zo ya amsa masa. Tsawon ma a ƙayyade yake: gaɓa goma a dogayen ɗangwaye, takwas a na biyu da na huɗu da na bakwai da na goma.

Makonni biyun farko sun tafi wajen ƙirga. Ina sauraron 'yan ƙasar suna karanta waƙarsa Marína, ina bin rubutun da yatsa, lissafina kullum sai ya haura da ɗaya ko biyu. Ashe haɗin wasulan "ie" da "ia" a harshensu gaɓa ɗaya ce, ni kuma ina raba su biyu. Wani wurin kuma lissafin ya gaza, domin haruffan "r" da "l" kan riƙe gaɓa ba tare da wasali ba. Kalmarsu ta zuciya, srdce, gaɓa biyu ce. Ranar da na gane haka na koma shafin farko da jan biro, na ga dogon ɗango yana rabuwa biyar da biyar, da ɗan numfashi a tsakiya.

Sai wahalar kunnenmu. Mun saba da ƙwar biyu da ƙwar biyar, inda babban amsa-amo ke jiranka a ƙarshen kowane baiti tun daga farkon waƙa har tammat. Mun kuma saba auna gaɓa da nauyinta, mai nauyi da marar nauyi. A nan adadi ake bi, amsa-amo kuma biyar ne a baiti guda, a zubar da su a ɗauki sababbi a baiti na gaba. Da farko ji na yi kamar ana canza mini kiɗa ina tsakiyar rawa.

Ga na shida, wanda na fi yarda da shi:

Hadarin farko ya rufe gari,
iska tana kaɗa ƙofa,
yara sun kwashe shanya da sauri,
tsohuwa ta janye ƙafa.
Na tsaya zaure ina ta duba
ko za ta ɓullo, ba ta ɓullo ba,
ƙasa ta ɗauki ƙamshinta.
Ruwa ya sauka kan kwanon ɗaki,
na rasa abin cewa da baki,
sai dai in kira sunanta.

Na san lahaninsa. Yin amsa-amo da kalmar "ba" ta korewa araha ne, kowa zai iya. Ɗango na huɗu kuma kalmar "ƙofa" ce ta jawo shi, ba ma'ana ba. Amma ku karanta na bakwai da ƙarfi, ku ji yadda yake rataye. Kunne ya ji "ƙamshinta", yana jiran abokinsa, sai aka kawo masa "ɗaki" da "baki", ya ci gaba da jira. Wannan jiran shi ne abin da na shafe mako shida ina nema, kuma ban fahimce shi ba sai da na karanta rayuwar mutumin.

Yana ɗalibi a Banská Štiavnica, garin masu haƙar azurfa, talaka ne ɗan malamin makaranta, yana koyar da yara a gidajen masu hali don ya ci abinci. A gidan Pišl ya haɗu da 'yarsu Mária ya kamu da sonta, ita ce Marína ta cikin waƙar. Daga nan karatu ya kai shi Bratislava, cikin matasan da suka kewaye Ľudovít Štúr, jagoran masu kishin al'ummar Sulobak, sannan Halle a Jamus. Kafin ya kafu ya samu abin riƙe gida, an aurar da Mária ga wani mai sana'ar gasa burodin zuma, mai abin hannunsa. Waƙar Marína ta fito a 1846: baiti 291, ɗango 2900. Guda 286 masu ɗango goma ne, biyar masu takwas. Baitin farko ma da sunanta ya rufe, sunan ne ke amsa wa ɗango na bakwai. Tun da na lura da haka na daina ɗaukar ɗango na goma a matsayin cikon lissafi. Yanzu shi nake fara rubutawa, sannan na bakwai, sannan in gina sauran a kansu. Baitocina biyu masu kyau duk ta wannan hanya suka zo.

Akwai abin da ke ƙara mini ƙarfin gwiwa. A 1843 Štúr da abokansa suka tsayar da ƙa'idar rubuta harshen Sulobak, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin masarautar Hangari. Shekara uku kacal tsakanin wannan da fitowar waƙar. Babu tarin magabata a sabon rubutun da zai jingina da su, ya ɗauki harshen ya ɗora masa kaya mai nauyi haka, harshen kuma ya ɗauka. Wasu abokan tafiyarsa ba su yi murna ba, su waƙar kishin al'umma suke so, ba ta soyayya ba. Ni ina ganin sun yi masa gaggawa, domin a cikin waƙar ya ɗaure son yarinyar da son ƙasar wuri guda, yana ganin kowanne a cikin ɗayan. Daga baya ya zama limamin cocin Luta a Hrochoť, sannan Radvaň, inda ya rasu a 1872. Ɗaya babbar waƙarsa, Detvan, ta 1853 ce, ban taɓa ta ba tukuna.

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta tambaye ni ko ba zai fi ba a riƙe nauyin gaɓa irin namu a haɗa da adadin. Na gwada a baiti na bakwai. Kwana uku ya ci, ɗangwaye huɗu na farko sun rera daɗi, sauran sun sandare. Ban yanke hukunci ba, amma shawarata ga mai farawa ya riƙe adadi da numfashin tsakiya tukuna.

Aikin wannan mako: baiti uku, ba amsa-amo da "ba", ba kuma da "ta" ko "sa" na mallaka. Wanda zai gwada tare da ni ya fara da ɗango na bakwai da na goma kawai, ya kawo su ranar Asabar mu karanta da ƙarfi.