Kafin ka kai waƙarka situdiyo, ɗan saurara

Jiya wani ƙanena daga Ƙofar Marusa ya zo wai "Yaya, zan sayar da mashin ɗina in yi albam." Na ce masa kai, rufa wa kanka asiri, waƙa ɗaya mai kyau ta ishe ka farawa.

Ni abin da ya taɓa ƙona ni, na biya mai kiɗa rabin kuɗi ba mu rubuta komai ba, bayan wata biyu sai ga kiɗan nawa a bakin wani yaro ana ta rawa da shi a gidan biki, to wa zan kai ƙara? Don haka ku rubuta yarjejeniya ko a takardar makaranta ce, da shaidu, kuma ka karɓi fayil ɗinka a filashi.

YouTube kuma ba a fara ba ka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara, don haka kar ka bar sana'arka tukuna. Sa waƙar a Audiomack, manhajar sauraron waƙoƙi, yanka sakan 30 ka watsa a TikTok, sannan ka kai wa masu tura waƙa a kasuwa, har yanzu mutanen ƙauye a memori suke ji.