Inda Muka Kwana da Wasan Antoniya da Mijinta

'Yan uwa masu koyon wasan dandamali, ina gaisuwa. Na yi alkawarin zan riƙa sanar da ku yadda aikin ƙungiyarmu yake tafiya, to ga inda aka kwana.

Wasan da muke atisaye a kansa na ƙasar Italiya ne, sunansa Coppia aperta, quasi spalancata, wanda Dario Fo da matarsa Franca Rame suka rubuta a 1983. Fo shi ne ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1997. Ita kuwa Franca a gidan 'yan wasa aka haife ta, iyayenta masu yawo ne gari-gari suna dirama, kuma ita da kanta ta riƙa fitowa a matsayin matar cikin wasan. Daraktanmu ya ɗauko shi ne saboda kusan dukkansa mutum biyu ne, mata da miji, a gida ɗaya. Babu taron jama'ar da za ka laɓe a bayansu, babu kiɗa ko rawar da za su rufa maka asiri. In ba ka iya ba, kowa zai gani. Fassarar Turanci muke karantawa, sannan mu faɗi maganar da Hausa yadda ta zo mana a baki. Ni ne mijin.

Ga labarin a taƙaice, don waɗanda ba su san shi ba. Mijin Antoniya manemin mata ne, ya ishe ta, har ta kai ga tana barazanar kashe kanta. Maimakon ya daina, sai ya kawo mata shawara wai ta 'yan boko masu wayewa: su buɗe aurensu, kowa ya nemi wanda yake so a waje, babu ɓoye-ɓoye, babu kishi. Ta ƙi, ta yi kuka, daga baya ta haƙura. Shi ya ci gaba da shagalinsa, har yana zuwa yana ba ta labarin 'yan matansa. Ranar da ta ce ita ma ta samu wani, farfesan kimiyya, mai kaɗa jita, wanda bai kai mijin shekaru ba, sai gogan naku ya haukace. Duk wayewar ta zube. Antoniya da kanta ta faɗa wa 'yan kallo dokar abin: irin wannan aure ta ɓangaren namiji kawai ake so ya buɗe, don in aka buɗe ta ko'ina iska za ta yi yawa a ɗaki.

Tun a zaman farko wani ɗan ƙungiyarmu ya ce me zai hana mu mayar da su Alhaji da Hajiya, mu ajiye su a Kano, mu ce maganar ƙarin aure ce. An daɗe ana ja-in-ja, kuma ina cikin waɗanda suka ƙi. Ƙarin aure aure ne, da sadaki da shaidu da haƙƙoƙi. Abin da mijin Antoniya yake nema kuwa lasisin zina ne, ya naɗe shi da kalmomin siyasa. In ka haɗa biyun ka yi wa kishiya ƙazafi, ka kuma kashe barkwancin. Wasan ɗan zamaninsa ne da ƙasarsa. A Italiya sai a 1968 kotun tsarin mulki ta soke dokar da ke hukunta matar aure in ta ci amanar miji, alhali shi mijin ba a kama shi da laifin sai in ya ajiye farka a gidansa ko ya yi abin a bainar jama'a. Saki bai halatta a dokarsu ba sai a 1970, kuma sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1974 kafin ya zauna daram. A 1975 aka daidaita matsayin mata da miji a dokar iyali, a 1981 aka cire sassaucin da ake yi wa wanda ya yi kisa da sunan kare mutunci. Shekara biyu bayan wannan aka rubuta wasan. Mijin irin mutanen nan ne da suka yi zanga-zangar neman waɗannan sauye-sauye, suka haddace kalmomin 'yanci da daidaito, amma a gida suna nan yadda kakanninsu suke. Shi ake yi wa dariya. Don haka muka bar su a Italiya da sunayensu da rigunansu, mu dai harshe muka ara musu.

Yanzu ga aikin kansa. Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne fitowar farko. Labule na buɗewa, Antoniya ta kulle kanta a banɗaki tana cewa ta haɗiye ƙwayoyi, miji yana waje yana bugun ƙofa yana lallashi. Kafinta ya haɗa mana firam ɗin ƙofa da falanki, muka ɗaure shi da buhunan yashi ta baya don kada ya kife. 'Yan kallo ba sa ganin matar, muryarta kawai suke ji, saboda haka duk nauyin yana kan bayan mijin da hannunsa. Mun gano cewa bugun ƙofar ma magana ce. Bugu uku da ƙarfi, tsoro ne. Bugu biyu a hankali da bayan yatsa, lallashi ne. Tafin hannu a shimfiɗe a jikin ƙofa, babu bugu, kai a sunkuye, wannan gajiya ce ta wanda ya saba da rigimar. Abokiyar wasana tana jero sunayen magunguna daga ciki, ni kuma ina sauya bugu gwargwadon abin da ta ambata. Ranar da muka dace da wannan, mutanen da suka zo kallon atisaye suka fashe da dariya tun kafin su ga fuskarta.

A nan ne darasin da nake so in tsaya a kansa, don shi ne ya canza mini kallon wasan barkwanci gaba ɗaya. Yawancinmu da muka tashi da kallon 'yan kama da masu ban dariya na finafinai mun ɗauka sai ka yamutsa fuska, ka zaro ido, ka canza tafiya, sannan a yi dariya. Wannan yana aiki a wurinsa. A wasan nan guba ne. Mijin bai san shi abin dariya ba ne. A ganinsa shi mutum ne mai hankali, mai haƙuri da mace mai rigima, yana ƙoƙarin wayar mata da kai. In na fito ina yi wa 'yan kallo alamar "ku duba wannan wawan", sai su yi ɗan murmushi su gyara zama. In na faɗi maganar da zuciya ɗaya, murya a kwance irin ta malami a gaban ɗalibi, ina bayyana mata cewa kishi ɗabi'ar mutanen da ce, sai ka ji ɗakin ya ɗauka. Darakta yakan tsayar da ni ya ce, "Malam, kada ka taya su. Kai dai ka gaskata ƙaryarka." Abu ne mai wuya, domin jiki yana son ya nemi dariya da kansa, musamman in ka ji shiru ya yi tsawo.

Na ita kuma daban ne. Antoniya tana fita daga cikin wasan a kai a kai, ta juya ga 'yan kallo ta ba su labari, wani lokaci a tsakiyar faɗa, sannan ta koma ta ɗora daga inda ta tsaya. Da farko abokiyar wasana takan taka zuwa bakin dandamali, ta gyara murya, ta yi jawabi. Ya zama kamar sanarwa. Wata dattijuwa a cikinmu, wadda ta daɗe tana wasan rediyo, ita ce ta warware mana. Ta ce, "'Yata, ba taro za ki yi wa magana ba. Yi kamar kin leƙa ta katanga kina gaya wa maƙwabciyarki, shi kuma yana tsakar gida yana jin ki." Shi ke nan. Yanzu ƙafarta ba ta motsawa, wuya kawai take juyawa, ta sauke murya, ta zaɓi mutum ɗaya a layi na biyu ta yi masa maganar. Ni kuma an hana ni daskarewa a lokacin. Ina nan ina jin ta, ina jin haushi, wani lokaci in tsoma baki in kare kaina a gaban 'yan kallon. Wanda ya taɓa kallon yara suna tashen Ga Mairama Ga Daudu ya san daɗin ganin zaman mata da miji an baje shi a gaban mutane.

Sai maganar jiran dariya, wadda har yanzu ba ta zauna mana ba. In ka yi magana a kan dariyar mutane, sun rasa jimlar da ta biyo baya, kuma nan gaba za su riƙa danne dariyar don kada su sake rasawa. In ka jira har ta mutu, wasan ya yi sanyi. Ana so ka shigo daidai lokacin da ta fara sauka. A atisaye babu yadda za ka koyi wannan da kujeru, don haka muke gayyato mutane kaɗan-kaɗan, kuma kowane rukuni da inda yake dariya. Matan aure suna dariya a wuraren da maza suke yin tsit. Akwai inda mijin yake yabon sabuwar budurwarsa a gaban matarsa ba kunya. Wata baiwar Allah a layin gaba ta ce "Allah ya isa" da ƙarfi, sai da muka tsaya.

Fitowar taga mun sauya ta. A rubuce, Antoniya tana hawa taga za ta faɗa, mijin ya riƙe ƙafarta. Ni da abokiyar wasana ba muharramai ba ne, ba za mu yi haka ba. Muka sa mata doguwar rigar sanyi irin ta Turawa mai ɗamara, ni ina riƙe da bakin ɗamarar, ita tana tsaye a kan benci a bayan firam. Ya ma fi ban dariya, don ɗamarar tana warwarewa a hankali yayin da nake ci gaba da wa'azin wayewa ban lura ba. Game da barazanar kashe kai da ke cikin wasan, mun yanke cewa ba za mu mayar da ita abin wasa ba. Ita tana yin nata da ciwon gaske a murya. Dariyar tana kan mutumin da yake ganin matarsa a bakin taga amma hankalinsa yana kan abin da maƙwabta za su ce.

Rabin wasan na biyu ya fi mini daɗi, kuma ya fi sauƙi, domin duk abin da ta yi a farko shi yake maimaitawa: kuka, barazana, neman bindiga. Dabarar ita ce in kwaikwayi motsinta na farko sak, wurin tsayuwa ɗaya, ɗaga hannu iri ɗaya, don 'yan kallo su gane da idonsu cewa reshe ya juye da mujiya ba tare da an faɗa musu ba. Saboda haka nake zama ina kallon atisayenta ko ranar da ba ni da fitowa, ina rubuta inda take ajiye ƙafa.

Abin da ya rage mana shi ne ƙarshe. Mijin ya shige banɗaki da na'urar busar da gashi a hannu, yana barazanar zai shiga bahon ruwa da na'urar tana aiki. Antoniya ta ce masa farfesan ƙirƙira ce, ya samu natsuwa, sai ga farfesan ya buga ƙofa da gaske. Mijin ya koma banɗaki a guje, a ji ƙara, a ga walƙiya. Wutar lantarki da ruwa ba abin da za mu kawo kan dandamali ba ne ko da wasa, na'urar ma mun yanke mata waya. Mun gwada fitilar waya da buga murfin tukunya daga baya, amma ƙarar tana riga hasken, sai abin ya zama na yara. Yanzu muna tunanin mutum ɗaya ya riƙe duka biyun, makunnin fitila a hannu, faranti a ƙarƙashin ƙafa. In akwai wanda ya taɓa haɗa irin wannan a cikinku ba tare da kayan tsada ba, ya taimaka mana da bayani kafin atisayen Asabar. Muna kuma neman wanda zai fito a farfesan. Maganarsa ba ta da yawa, amma sai ya iya riƙe jita kamar ya san ta.