Abin da na koya wajen sauraren tiyon ruwa da tsakar dare a Yamai

A Yamai, ruwan da ya tsere daga tiyo ba kasafai yake fitowa sama ba. Ƙasar unguwanni da yawa rairayi ce, sai ta shanye shi ta yi ƙasa da shi. Kana tafiya ƙafarka a bushe, alhali a ƙarƙashinka ruwan da aka ɗebo daga kogin Isa, aka tace a Gudel ko Yantala, aka sa masa magani, aka kashe kuɗin kuran, wato wutar lantarki, aka turo shi, yana zuba a banza. Wanda ya ɓullo ya malale hanya, mutanen unguwa kan buga waya a zo a gyara. Wanda bai ɓullo ba shi ne abincinmu. Ina aiki da wata ƙaramar tawaga da ake ɗauka kwangila don ta bi layukan ruwa, ta faɗi inda ke yoyo, ta kuma faɗi wane tiyo ne yake da sauran kwana, wanne ne ya kamata a tone a canza.

Mutane suna raina ƙaramin huji. Huji mai faɗin milimita 5, idan matsin ruwa ya kai bar 3 (bar shi ne ma'aunin matsi), yana zubar da wajen lita 25,000 a yini guda, wato bido dubu na lita 25. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin pompo a watan Afrilu ya san abin da bido dubu ke nufi. Kuma hujin ba ya hutu, dare da rana ne, wata da watanni, har sai wani ya ji shi.

Aikin yakan fara da auna ruwan da ke shiga yanki. Ana rufe makullan ruwa da ke kan iyakar yankin a bar masa ƙofa ɗaya, a ɗaura wa tiyon na'urar auna gudun ruwa daga waje, ba sai an yanka shi ba. Littattafan sana'a sun ce a duba tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare, lokacin da kowa ke barci, domin abin da ke wucewa a wannan sa'a yawancinsa yoyo ne. Wannan magana gaskiya ce a garin da ruwa ke zuwa ba yankewa. A nan, lokacin zafi, akwai unguwannin gefen gari da ruwa ba ya isa sai dare ya raba, kuma a sa'ar ce mata ke tashi su cika randuna, masu garuwa su jera bidoninsu, tankunan saman gidaje su kama sha. Idan ka ɗauki lambar wannan dare ka ce yoyo ne, ka zalunci layin. Haka nan watan azumi, da ake kwana ido biyu ana shirin sahur. Shi ya sa muka fi son yin wannan awo a lokacin sanyi, Disamba da Janairu, sa'ad da matsi ke zaunawa kuma dare ke zama dare.

Neman makullan kansu wani aiki ne. Wasu rairayi ya binne su, wasu an shimfiɗa gudoro a kansu, sai da na'urar gano ƙarfe. Wani ka same shi ka murɗa har ƙarshe amma bai rufe ba, ruwa na ratsawa, ya ɓata maka lissafin dare gaba ɗaya. Kafin a fita kuma dole a gaida mai unguwa a gaya masa, a sa riga mai ƙyalli, don mutum uku suna sunkuyawa ƙofar gidajen mutane da ƙarfe 3 na dare ba abin da zai fara zuwa zuciyar mai gadi sai ɓarayi.

Bayan an san yankin da ke zubarwa sai a shiga saurare. Kayan farko shi ne mafi araha: sandar ƙarfe mai kan katako, ka ɗora bakinta a kan makulli ko kusa da kontar ɗin gida, wato mai ƙirga ruwan da gidan ya sha, ka kara kunne. Dattijon tawagarmu, wanda duk muke ce wa Baba, ya shekara da shekaru yana shimfiɗa tiyo a garin nan kafin ya dawo wannan aiki, shi ya koya mini bambance sauti. Yoyo yana da wani huci mai ɗorewa, ba ya hawa ba ya sauka. Kontar mai juyawa tana da ƙas-ƙas ɗinta. Taransifoma da injin sanyaya ɗaki suna da gurnani mai kauri wanda ke bin ƙarfe ya yi nisa, sabon shiga ya rantse ruwa ne. Baba yakan ce mini: "Ɗana, kar ka yi sauri. Ka ba kunnenka lokaci ya saba da shirun wurin tukuna." Daga nan sai a bi saman layin da makirfon ƙasa, taki bayan taki, ana neman inda ƙarar ta fi ƙarfi.

Sai na'urar da kowa ya fi ɗoki, mai kunne biyu. Ana manna kunne ɗaya a wani makulli, ɗayan a wani can gaba, yoyon yana tsakaninsu. Ƙarar tana bin tiyo ta isa kunnen da ya fi kusa kafin ta isa na nesa, na'urar ta auna wannan ɗan bambancin lokaci, ta ce maka tona a mita kaza. Amma ba ta ganin cikin ƙasa. Kai ne za ka gaya mata tsawon layin, faɗin tiyon, da abin da aka yi shi da shi, domin gudun sauti ya danganta da wannan. A tiyon fonti, wato ƙarfen zubi, sauti yana gudun wajen mita 1,200 a daƙiƙa, a na roba PVC kuwa wajen mita 400 ne. Ɗauki layi mai mita 120, bambancin lokaci ya zama kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa. Idan ka ce mata fonti ne za ta nuna maka mita 30 daga kunnen farko. Idan ka ce roba ce, mita 50. Ƙara ɗaya, dare ɗaya, tazarar mita 20.

Mun ɗanɗana wannan a wata tsohuwar unguwa ta tsakiyar gari. Taswirar da aka ba mu ta ce fonti ne daga farko har ƙarshe. Na'ura ta ba da lamba mai kyau, tsininta ya fito tsaf a allo, aka kawo ma'aikata da diga da shebur suka fasa hanya. Rami ya kai ga tiyo, ƙasa a bushe ƙamas. Baba ba ya wurin daren da muka yi awon. Da ya zo da safe ya tsaya bakin ramin, ya dubi wani shagon tela da ke gaba, ya ce: "Ai daga ƙofar shagon can zuwa kwana ba fonti ba ne. An taɓa samun fashewa a nan, aka yanke aka sa roba. Ina wurin." Gyaran an yi shi da kyau, amma ba wanda ya mayar da shi kan takarda. Da muka shigar da layin gida biyu, ƙarfe da roba, lambar ta matsa gaba, kuma a can ruwan yake, a daidai mahaɗar tsohon tiyo da sabo.

Tun daga nan ba ma yarda da gudun sautin da ke cikin jadawalin na'ura sai mun auna da kanmu. Hanyar mai sauƙi ce: ka buɗe pompo ko bakin ruwan kashe gobara a wajen kunnuwan biyu, ƙarar ta ratsa dukan tsawon da ka riga ka auna da tef, ka raba tsawon da lokacin. Idan abin da ya fito ya yi nesa da abin da taswira ta ce, akwai labarin da ƙasa ta ɓoye. Wannan awo yana da wani amfani da ya fi neman yoyo. Tiyon ƙarfe idan bangonsa ya ci ya sirance, yakan ƙara laushi, sauti ya rage gudu a cikinsa. Da wannan ake ƙiyasta matsakaicin kaurin da ya rage tsakanin makulli biyu ba tare da an tona ba. Matsakaici ne fa, ba zai nuna maka rami ɗaya mai zurfi da tsatsa ta ci a wuri guda ba, amma yana gaya maka wane layi ne ya cancanci a buɗe a duba.

Roba tana da nata wahalar. Tana shanye siririn sauti ta bar mai kauri, shi ma ba ya nisa, don haka dole a matso da kunnuwan kusa, ko a sa irin wanda ke taɓa ruwan kai tsaye. In matsi ya yi ƙasa sosai yoyon ba ya ma kuka. Inda saurare ya gagara, ana iya cusa wa layin iskar gwaji, kashi 5 haidurojin da kashi 95 naitirojin, ta fita ta hujin ta ratso ƙasa, a bi da na'urar shaƙa.

Gano yoyo abu ɗaya ne, sanin lafiyar tiyo wani abu ne, kuma wannan a cikin rami ake koyon sa. Ranar da muka buɗe wani tsohon fonti a gangaren da ke kusa da kogi, inda ƙasa ke da laka da danshi, na goge shi na ga baƙi sumul, ba kumburi ba tsaga. Na ce lafiyarsa lau. Baba ya sauko ramin, ya zaro wuƙar aljihu ya kankari tiyon ta ƙasa. Wuƙar ta shige kamar yana yankan sabulu, baƙin gari yana zubowa a tafin hannunsa, ya shafa mini a yatsa yana ƙyalli. Ƙarfen ya narke ya bi ƙasa tuntuni, abin da ya rage gawayin da ke cikin fonti ne, irin na bakin fensir, yana riƙe da siffar tiyo ba tare da ƙarfinsa ba. Irin wannan yana iya ɗaukar ruwa shekaru in ba a taɓa shi ba, ranar da babbar mota ta taka ko matsi ya yi tsalle sai ya buɗe. Na'urar auna kauri da sauti tana aiki sosai a kan ƙarfen waldi da sabon fonti, in an kankare wurin an shafa man da ke haɗa ta da ƙarfen. A kan tsohon fonti lambarta takan yi rawa, saboda gawayin yana watsa sautin, sai an haɗa da guduma da wuƙa da ma'aunin zurfin rami.

Roba ba ta tsatsa, amma ba ta yafe mugun shimfiɗi. Yawancin waɗanda na gani sun tsage a tsaye, in ka ɗaga sai ka tarar da dutse a ƙarƙashi inda ya kamata a ce rairayi mai laushi ne, ko ka ga launin tiyon ya koɗe saboda ya daɗe a rana a shantiye kafin a binne. In kuwa ƙidaya ake, yoyo ya fi yawa a ƙananan tiyon da ke shiga gidaje da wurin da aka huda babban layi aka ɗaura su.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne na'urar rubuta matsi, irin mai ɗaukar awo sau da yawa a daƙiƙa. Agogon matsi na yau da kullum zai nuna maka bar 3 ko 4 ka tafi hankali kwance. Mai saurin ita ce ke kama abin da ke faruwa sa'ad da kuran ya ɗauke injin turawa ya tsaya farat ɗaya, ko wani ya rufe makulli da gaggawa. Ruwa mai gudun mita 1 a daƙiƙa a tiyon ƙarfe, in an tsayar da shi nan take, yana iya canza matsi da wajen bar 10, bugun ya yi ta kai da komo a layin. A lokacin zafi, da ɗaukewar kuran ke yawaita, layi yana shan wannan duka a kai a kai. Ga kuma iska: layin da ya bushe ya sake cika, in mafitar iskarsa ta toshe, iskar takan taru a tudu ta rage hanyar ruwa ta ƙara wa bugun ƙarfi. Sa'ad da layi ya bushe kuma, hujin da ke fitar da ruwa shi ne ke tsotso na waje, kuma mun san abin da ke kusa da tiyo a lungunanmu: kwata da masai. Wannan ya fi damu na fiye da asarar ruwan.

Ga manyan layuka akwai kayan da ke shiga cikin tiyo ruwa na gudu. SmartBall ƙwallo ce mai rigar soso da ake sakawa ta bi ruwa tana naɗar sauti, a tare ta da raga a gaba. Sahara kuwa kunne ne a bakin dogon waya, wata ƴar lema tana jan sa, mai aiki yana ji nan take yana iya tsayar da shi a kan yoyon. Suna jin ƙananan yoyo da tarin iska da ba za a ji daga sama ba. Kaya ne masu kyau, kuma babban layin da ke ciyar da shato, wato babban tankin ruwa na sama, ya cancance su, don ranar da ya fashe unguwanni ne za su kwana ba ruwa. Sai dai suna da tsada, suna son ruwa mai gudu daidai, kuma wanda zai saka ƙwallo a layi dole ya san kowane reshe da kowane makulli da ke gabanta, in ba haka ba ta bi wata hanya. Ko su ma taswirar suke komawa.

A ƙarshen wancan aiki na tsohon fonti ba mu ce a canza layin duka ba. Mun ware gangaren kusa da kogi muka ce shi ne na gaggawa, sauran a gyara mafitar iska, a tono makullan da suka nutse a gina musu akwati, a bar na'urar matsi a wurin har zafi ya wuce. Muka kuma roƙi abu ɗaya da ba ya cin kuɗi: duk ramin da aka tona don gyara, kafin a mayar da ƙasa a ɗauki hoto, a rubuta irin tiyon da faɗinsa da zurfinsa, yadda ya fashe, irin ƙasar, da wurin a GPS na waya. Mu ma haka muke yi yanzu a kowane rami. Ranakun da ba fita kuma nakan shimfiɗa taswira a gaban Baba, in ba shi jan biro, mu bi titi-titi yana gyara abin da ya tuna, ni ina rubuta shekarar da yake zato da sunan kwanar. Mun gama Bukoki da rabin Lazare, Harobanda ce ke gaba.