Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bayin Sama da Bayin Ƙasa

A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da labarin shigata makarantar horon malamai, amma tun daren Lahadi addu'ar Baba take ta kai kawo a raina, kuma na san idan ban sauke ta a nan ba, hannuna ba zai iya rubuta wani abu ba. Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na Funtua ya san wannan addu'a. Bayan an ci tuwo an kwashe kwanuka, Inna takan rage lagwanin fitila saboda kananzir, Baba kuma ya buɗe Littafi Mai Tsarki, tsohon juyin nan na 1932 wanda bangonsa ya rabu har Inna ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa, ya karanta Zabura 91 ko 121, sa'an nan mu durƙusa a kan tabarma. Kome tsawon addu'ar, da magana ɗaya yake rufewa: "Ya Ubangiji, ka tsare mu a daren nan. Ka aiko da bayinka na sama, ka kuma ta da bayinka na ƙasa."

Addu'ar tana da asali. Kaka, kamar yadda 'yan'uwa suka sani, Bamaguje ne daga ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi, kuma ranar da za a yi masa baftisma ya kwance guru daga ƙugunsa, ya cire kambu daga damtsensa, ya tattara layun da suke rataye a ƙofar ɗaki, ya sa musu wuta a gaban dangi. Tsofaffin gidan suka ce masa ya zubar da kariyarsa, kuma duk abin da ya sami 'ya'yansa ya kuka da kansa. Baba yana yaro ƙarami ya ji wannan magana, ta kuwa zauna masa, shi ya sa bai taɓa yarda mu kwanta ba tare da an danƙa gidan a hannun Allah ba. Yakan ce mala'iku ruhohi ne masu hidima, kamar yadda Ibraniyawa 1:14 ta faɗa, ba a yi musu sujada, ba a kuma roƙonsu. Mai aikensu ake roƙo. Amma yakan ƙara da cewa Allah yana da bayi a sama, yana da bayi a ƙasa, kuma ba ya shawara da kowa a kan wanda zai aika.

A watan Maris na 1987 ina da shekara 14. Rikicin da ya tashi a kwalejin ilimi ta Kafanchan ya bazu cikin 'yan kwanaki zuwa Kaduna da Zariya, ya iso Funtua, wadda a lokacin tana cikin jihar Kaduna, domin sai a watan Satumba na wannan shekara aka ƙirƙiro jihar Katsina. Muka fara ganin hayaƙi daga wajen majami'u, muna kuma jin ihu yana matsowa. Baba ya tara mu a tsakar gida ya soma addu'a, bai ma kai ga bayin sama ba sai muka ji ana bubbuga katangar baya. Matar maƙwabcinmu ce, Alhaji mai injin niƙa, ta hau turmi ta leƙo. Ta ce wa Inna, "Maman 'yan biyu, miƙo mini yaran nan, ke ma ki hauro, Alhaji ya ce kada ku ƙara minti ɗaya a gidan nan."

Har yau ina jin ƙaiƙayin ƙasar katangar a tafin hannuna. Hajiya ta shigar da mu uwar ɗakinta, ta tura mu bayan gado inda jeren kwanukanta na aure suke, ta yafa wa Inna gyalenta, ta kuma cusa wa kowane ɗan biyu ƙuli-ƙuli a hannu don kada su yi kuka. Baba kuwa a ɗakin ajiyar dusa aka sa shi. Alhaji ya shimfiɗa buzu a bakin zaure ya zauna da carbi a hannu. Da samarin suka iso, na ji muryarsa sarai ta tagar ɗakin, bai ɗaga ta ba, bai kuma yi musu ƙarya ba. Ya ce, "Nan gidan matan aure ne, ba a shiga. Wanda ya ga zai shiga, sai ya fara tsallake ni." Wasu daga cikinsu a gabansa suka girma, hatsin iyayensu a injinsa ake niƙawa. Suka yi ta surutu, suka juya. Kwana uku muka yi a gidan, Hajiya tana dama mana kunu da safe, da dare kuma Baba yana yi mana addu'arsa cikin raɗa.

Abin da ya hana ni barci a wannan mako ya faru ne bayan ƙura ta lafa, da muka tafi ƙauye. An shirya sujadar godiya, aka ce ni zan ba da shaida a madadin yaran gidanmu. Da yamma Baffa ya kira ni gindin ɗorawa ya ce, "Ke 'yar nan, gobe ki ce mala'ikan Ubangiji ya rufe idanun maƙiya. Kada ki kawo zancen wani Alhaji a gaban jama'ar da aka ƙona wa majami'u, zukata ba su huce ba." Na tashi a gaban ikilisiya na faɗi abin da Baffa ya sa a bakina. Zumuntar Mata suka ɗauki waƙa, aka yi ta tafi, ni kuwa da na dubi inda Baba yake zaune sai na ga kansa a sunkuye.

Baba bai tsawata mini ba, kuma da ya tsawata da ya fi mini sauƙi. Da dare, a gaban Baffa, ya buɗe Irmiya sura 38 ya karanta yadda aka jefa annabi cikin rijiyar da ba ruwa sai laka, da yadda Ebed-melek, mutumin Habasha, baƙo a fadar sarki Zadakiya, ya je ya nemo tsummoki da tsofaffin tufafi ya zura masa, ya ce ya sa su a hammatarsa don kada igiya ta ji masa ciwo, sa'an nan aka jawo shi. Ya rufe littafin ya ce, "Yaya, Allah bai ji kunyar rubuta sunan Bahabashen nan ba, har tsummokinsa ya rubuta. Mu su wane ne da za mu ɓoye wanda ya aiko mana?" Baffa ya ce shi zaman lafiyar ikilisiya ya duba. Ban taɓa karɓar wannan hujja ba, ko da yake na yi masa biyayya har ya bar duniya, na kuma yi hidimar jana'izarsa da zuciya ɗaya.

Kada wani ya ɗauka ina musun aikin mala'iku. Na gaskata cewa mala'ikan Ubangiji yakan kafa sansani kewaye da masu tsoronsa, yadda Zabura 34:7 ta ce, na kuma gaskata cewa da an buɗe idanuna a ranar nan kamar yadda aka buɗe na baran Elisha a Dotan, da na ga abin da ya tsaya bayan Alhaji a bakin zauren. A watan Fabrairu na 2000, da rikicin Kaduna ya ritsa da ni ina da goyo, na yi tafiyar da har yau ban san yadda na fita daga cikinta ba, babu wani ɗan Adam da zan nuna in ce shi ya bi da ni. Wannan na bar wa bayin sama. Amma na Funtua mutum ne mai jini da tsoka, mai mata da 'ya'ya da injin da za a iya ƙonawa, ya san haka, ya kuma zauna a kan buzunsa. Ni ce na tsaya a gaban jama'ar Allah na share shi daga labarin.

Shekaru suka shuɗe, aure da aiki suka ɗauke ni, ban koma Funtua ba sai da Baba ya kwanta ciwon ajali. Muryarsa ta riga ta dushe, amma da na durƙusa kusa da gadon na ji leɓunansa suna maimaita bayin sama da bayin ƙasa. Da gari ya waye na nufi tsohuwar unguwarmu, na tarar Alhaji ya rasu da shekara biyu, injin kuma yana hannun babban ɗansa. Hajiya tana nan, idanunta sun yi rauni, sai da na ce mata ni ce yayar 'yan biyu ta gane ni. Na durƙusa na faɗa mata duk abin da na yi a sujadar godiyar nan, ina kuka. Ta lalubo kaina ta dafa, ta ce, "Tashi, 'yata, Alhaji ba don a faɗa ya yi ba." Sai ta tambaye ni ko 'yan biyu sun yi aure, ta kuma aiki jikarta ta kawo mini ruwa.